Mu Tashi Mu Riƙe Shagunan Unguwarmu

Jama'ar Kano! Kirana gare ku ne, mutanen Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi da Hotoro, mazauna Titin Gidan Zoo da Kabuga da Rijiyar Zaki da Sharaɗa, da duk wata unguwa da titi ya ratsa. Ku fito ƙofar gida bayan magariba ku dubi bakin titinku da kyau. Garejin da ake ajiye mota a da, an fasa shi an sa masa ƙofar gilashi. Katangar da muka tashi muna gani, an huda ta an fitar da shaguna uku. Nan gidan abinci ne, kusa da shi wurin shan shayi da kofi mai kujeru da fanka, gaba kaɗan mai gasa kaza da shawarma, tsallaken titi kantin kayan masarufi, ga mai yogot da fura, ga baiwar Allah mai turaren wuta da humra. Layin da a da ƙarfe takwas na dare ta yi sai haushin kare, yanzu fitila ce ta ko'ina, ƙamshi na tashi, yara na kai da kawo da leda a hannu.

Da yawanmu mun ga wannan sauyi, mun ce masha Allah, mun wuce. Wasu sun ja tsaki saboda cunkoso da ƙarar janareta. Abin da ba mu cika tsayawa mu lura da shi ba shi ne yadda shagunan nan suke mutuwa. Kowa a cikinmu ya san wani shago da aka buɗe da addu'a da rabon abinci, aka yi ta sanya alheri, amma kafin kuɗin haya ya zagayo an garƙame shi da kwaɗo, allon sunansa ya koɗe a rana, an rubuta lambar dillali da alli a jikin ƙofa. Bayan wata biyu wani yaron ya zo ya sake fenti, ya zuba nasa jarin, shi ma ya bi sahu. Muna tsaye muna kallo. Wallahi abin ya shafe mu, kuma da hannunmu a ciki.

Su wa ke buɗe shagunan nan? 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu. Saurayin da ya gama Jami'ar Bayero ko ta Wudil, ya yi bautar ƙasa, ya gaji da yawo da takardu ofis-ofis. Yarinyar da ta fara soya cincin da samosa a kicin ɗin mahaifiyarta tana tallata su ta WhatsApp, ta yi ta zuba adashi har ta kama ɗan shago. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, girki kaɗai ta iya. Ma'aikacin da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a kanti. A zamanin iyayenmu, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa ne ke kwashe irin waɗannan samari, masaƙu da kamfanonin fata da na alewa da na robobi. Yau da yawa daga cikinsu sun yi shiru, ciyawa ta cinye harabarsu, gwamnati kuma ba ta da kujerar da za ta ba kowa. To yaro ya ƙi zaman kashe wando, ya ƙi maula, ya ƙi daba, ya ce zai nemi na kansa. Jarin da kuke gani a kan kantar nan, sau da yawa gonar gado ce aka sayar, ko sarƙar zinaren uwa.

Ku dubi kuma lokacin da suka fito kasuwa. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta zarce 1,000. Dalar da ake sayarwa kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haye 1,500 a farkon 2024, ta ja fulawa da madara da duk abin da ake shigowa da shi daga waje. A watan Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga layukan da ake kira rukunin A. A tsakiyar shekarar, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kayan abinci ta ƙaru da sama da kashi 40 cikin ɗari a cikin wata goma sha biyu. Sai kuma a watan Oktoba manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano ta kwana ta tashi cikin duhu fiye da mako guda. Ku tambayi duk mai firiza abin da ya gani a waɗancan kwanaki. Ya buɗe murfi da safe, ƙanƙara ta narke ta zama ruwa jini-jini, kajin da ya karɓo bashi sun fara sauya launi, yogot ya kumbura a roba, shi kuma yana tsaye yana lissafin ko ya sayi man janareta ko ya sallami yaransa. Ko Shoprite, da ta buɗe a rukunin shagunan Ado Bayero da ke Titin Gidan Zoo a 2014 da dukan ƙarfin jarinta, ta rufe reshen a watan Janairun 2024, ta ce yanayin kasuwanci ne ya sa. In kanti irin wannan ya tattara ya tafi, me kuke zaton yarinya mai tukunya uku da firji ɗaya take fama da shi?

Farashin dala da na fetur ba a hannunmu suke ba. Amma akwai abin da ke kashe shagunan nan wanda yake a hannunmu ɗari bisa ɗari, shi ne bashi.

Ranar da yaro ya buɗe shago, ranar dangi da abokai suke buɗe littafi. Aboki ya zo ya ci shinkafa da kaza, ya kora da lemo, ya miƙe yana sakace ya ce, "Rubuta kawai, zan turo maka anjima." Yayar gida ta aiko yaro da kwano: "Wai in ji Anti a zubo na mutum huɗu, mun yi baƙi." Kawu ya tsaya da mota, ya sa a ɗora masa katan ɗin taliya da galan ɗin mai, ya ce sai ƙarshen wata. Mai shago ya yi murmushin yaƙe, domin da kunya aka tashe shi, ba zai iya kallon idon kawunsa ya ce a'a ba. Anjima ba ta zuwa. Ƙarshen wata ya zo ya wuce. In ya yi ta maza ya tuna, sai a ce ya samu duniya ya fara wulaƙanci, a kai ƙararsa wurin mahaifiyarsa, ita kuma ta kira shi ta ce ya yi haƙuri don zumunci. Ya koma shago ya buɗe littafi, ga sunaye shafi-shafi, ga aljihun tebur wayam. Gobe da asuba kuma dole ya je cefane, kuma mai kaya a Kasuwar Singa ba ya karɓar labarin zumunci a madadin kuɗi.

Mukan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, amma bashin da aka ci da niyyar biya ake nufi. Ɗan uwana, farantin da ka ci ka tafi, uwar kuɗin yaron nan ka ci, kuɗin cefanen gobensa ka ci, albashin mai wanke-wankensa ka ci. Mun san nauyin bashi a addininmu. A duk jana'iza muna ji ana shela, wanda yake bin mamaci ya zo ya faɗa. To me ya sa bashin shagon ɗan uwa kaɗai muke ɗauka da wasa? Ina roƙonku don girman Allah, duk wanda ya san sunansa na cikin littafin wani shago a unguwarsu, ya je ya biya a makon nan. In ba ka da shi duka, kai rabi, ka faɗi ranar cikon, ka cika. Iyayenmu mata, ku ne garkuwar yaran nan: ku faɗa wa dangi baki da baki cewa shago ba kicin ɗin gida ba ne. Wanda ya fi kowa kusanci da mai shago shi ya kamata ya fi kowa biya cikakke, ba tare da neman ragi ba. Masu nuna alat na bogi kuwa su ɗauki kaya su wuce, wannan sata ce tsagwaronta, kuma duk wanda ya san mai yi a unguwa ya rufa masa asiri, ya sani da shi aka haɗu aka karya yaron mutane.

Na san akwai mai cewa: Malam, mu da muke neman na tuwon dare, ina ruwanmu da gidan kofi da shawarma? Ai wannan harkar 'ya'yan masu hali ce. Maganar tana da nauyi, ba zan raina ta ba, domin akwai wuraren da kuɗin faranti ɗaya ya isa cefanen wani gida. Amma bi sawun kuɗin ka ga inda yake zuwa. Kafin gari ya waye yaron gidan abincin yana 'Yankaba yana cinikin tumatir da attaruhu da albasa da kabeji, da yawansu noman rani ne na Kadawa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonaki. Wake da gero da masara daga Dawanau. Nama daga hannun mahauta a abbatuwa. Ƙwai da kaji daga gonakin bayan gari, nono daga rugage. Ga ɗan garuwa da ke turo kura sau uku a rana, ga mai gawayi, ga mai adaidaita da ke ɗauko kaya, ga mai kai saƙo a babur, ga mai gadi, ga mai gyaran janareta, ga tela da ya ɗinka labule, ga kafinta da ya haɗa benci. Mai kuɗin da ya zauna ya ci farantin nan, kuɗinsa ya ratsa gidaje da yawa na talakawa kafin dare. Ranar da aka sa wa shagon kwaɗo, duk waɗannan sun rasa ciniki, ko da ba su taɓa zama a kujerarsa ba.

Akwai kuma abin da kowane ɗan Kano ya sani a jikinsa. Ƙwacen waya ya hana mu sakewa a titunanmu, ya ci rayukan samari da ba su ji ba ba su gani ba. Ɓarawo duhu yake so da layin da ba kowa. Inda shaguna ke buɗe har bayan isha'i, da fitila, da mutane zazzaune, da mai gadi a bakin ƙofa, 'yarka da ke dawowa daga Islamiyya ta fi samun natsuwa, kai ma da ka sauka daga adaidaita ka fi samun ta. Hasken da mai shago ke biya da man janaretansa, unguwa duka ke mora.

Wannan gari da ciniki da karɓar baƙo aka gina shi. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, Kasuwar Kurmi take ci. Fatake daga Agadas da Borno da Gwanja da Tarabulus sukan sauka a gidan fatoma, ya ba su masauki, ya ciyar da su, ya haɗa su da masu saye. Gurasar da Larabawa suka zo da ita ta zama tamu, har muna alfahari da ta Jakara. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ta kafu, 'yan Labanan da Siriya suka buɗe kantuna, Kantin Kwari ta tashi. Saboda haka in mai sabon shagon layinku Bayarabe ne, ko Ibo, ko Banufe, ko Buzu, maƙwabci ne. Ku shiga ku yi masa barka da zuwa, ku sayi kayansa.

To, ƙannena masu shaguna, ku matso, ku ma akwai taku, kuma ba zan sassauta ba don ina ƙaunarku.

Ku zagaya bayan shagonku ku dubi lambatu. Gaba an goge gilashi yana ƙyalli, baya kuwa ga ruwan wanke-wanke mai maiƙo ya kwanta ya yi baƙi, ga ledar fiya wata, ga robobin zuba abinci, ga ƙashin kaza da ɓawon albasa, ƙuda na bi da rana, sauro na tashi da dare. Wannan ruwan ƙofar gidan wani yake wucewa. Damina ta zo, ruwan sama ya rasa hanya, ya faɗa ɗakin tsohuwar da ta fi shekara arba'in a layin, ya jiƙa mata katifa da ɗan hatsinta. Mun ga abin da ambaliya ta yi wa Kantin Kwari a watan Agustan 2022, aka yi asarar yadudduka na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi a bisa hanyar ruwa. Kada ku jira motar hukumar kwashe shara ta REMASAB, kada ku jira tsaftar ƙarshen wata. Ku haɗa kuɗi ku masu shagunan layi ɗaya, ku ɗauki mai kwashe shara, ku sa a yashe lambatu kafin ruwan farko ya sauka. Mai ba wa mutane abinci shi ya kamata ya fi kowa ƙyamar ƙazanta.

Janaretanku kuma, ku duba inda salansarsa take kallo. In tagar ɗakin maƙwabci take fuskanta, hayaƙin nan cikin ƙirjin 'ya'yansa yake shiga. Ku juya ta, ku yi masa ɗaki, ku kashe shi a lokacin da aka yi yarjejeniya. Ku rage kiɗa in an kira sallah, ku rage shi in dare ya yi. Ku sa yaro ya riƙa lura da inda baƙinku ke ajiye mota, domin wata rana naƙuda za ta kama wata cikin dare, mijinta ya fito da gudu ya tarar an toshe masa ƙofa, mai motar yana ciki yana jiran a gasa masa kifi. Irin waɗannan abubuwa ne ke sa unguwa ta juya wa shago baya, kuma shagon da maƙwabta suka tsana ba ya daɗewa.

Abin da ya fi wannan girma shi ne abin da kuke zubawa a cikin mutane. Ba mu manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da gurɓataccen ɗan tsami da garin lemon da wa'adinsa ya wuce suka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu suka rasa rayukansu. Araha aka bi, aka sayi abin da bai kamata a sha ba. Ku duba kwanan wata a jikin duk abin da kuka sayo. Man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi, ku zubar. Naman da ya kwana ba wuta, ku zubar, ko da zuciya na ciwo, domin asarar kaza goma ta fi sauƙi a kan ɗaukar alhakin rai ɗaya. Tukunyar gas ku fitar da ita inda iska ke shiga, ku riƙa duba tiyo, ku sayi na'urar kashe gobara ku koya wa yaranku yadda ake amfani da ita. Garin da ya ga gobarar Kasuwar Sabon Gari a 2016 bai kamata a tsaya yi masa dogon bayani a kan wuta ba. Yaran da ke muku aiki kuwa, ku biya su a kan lokaci. Almajirin da ya wuni yana wanke faranti ya cancanci kuɗi a hannu, sauran abinci ba lada ba ne.

Ga wata magana da ke ci mini rai. Kafin ku zo, akwai mai shayi a kwanar nan. Tun kuna 'yan firamare yake kafa teburinsa da asuba: ga tukunya na tafasa, ga gwangwanayen madara an jera, ga burodi a leda, ga kiret ɗin ƙwai, shi kuma yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, hannu sama hannu ƙasa, ba ɗigon da ke zuba. A bencinsa lebura ke karyawa kafin ya tafi gini, a nan mai gadi ke ɗumama ciki, a nan ake jin labarin wanda ba shi da lafiya da wanda aka yi wa haihuwa. Gefensa ga mai ƙosai da kaskonta, da ribar ƙosan nan ta aurar da 'ya'ya. Sai ka ji sabon mai shago ya je wurin mai gida ko wurin hukuma yana neman a tashe su, wai suna ɓata masa gaban shago. Haba, ƙanena! Wanda zai sha shayin naira ɗari biyu ko uku ba shi ne zai shiga wurinka ba, ba ku da abin faɗa a kai. Unguwar da ta kori mai shayinta da mai ƙosanta don ta burge baƙi ta kori abincin talakawanta. Ku bar su, ku gaishe su da girmamawa, ku taimaka musu da wurin zuba shara da ɗan hasken fitila. Mu kuma mutanen unguwa kada mu yarda a tashe su.

Ku yi tunani kuma a kan abin da kuke sayarwa. Ɗaya ya buɗe shawarma ya samu ciniki, kafin wata uku huɗu sun buɗe a jikinsa, a raba masu saye biyar, kowa ya kwana da kwantai. Alhali a layin babu inda magidanci zai zauna da iyalinsa ya ci waina da miyar taushe a wuri mai tsafta, babu mai ɗan wake na kirki, babu dambu, babu kwaɗon zogale, babu kunun gyaɗa mai zafi da safe. Cuku da kayan gwangwani farashinsu na bin dala. Gero da wake da shinkafa da gyaɗa a ƙasarmu ake noma su. Wanda ya iya fito da abincinmu a faranti mai kyau, da ruwan wanke hannu da sabulu, da fara'a, ya kama kasuwar da ba ta ƙarewa. Fara'ar nan kada ku raina ta. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma yaron da ke danna waya mai saye na tsaye yana masa sallama ya fi tsada korar ciniki.

Alhaji mai gida, ranka ya daɗe, kai ma kiran ya iso ƙofarka. Ka ga yaro ya gyara shago da kuɗinsa, ya sa tayil, ya ja wuta, mutane sun fara zuwa, sai ka aiko dillali da sabon farashi ninki biyu, ko ka ce sai ya biya na shekara biyu a dunƙule. Wani ma sai ya tashi yaron ya sa ɗansa ya ci gaba da sana'ar a wurin. Wannan zalunci ne, ko da doka ba ta kama ka ba. Shagon da ke rufe wata shida yana jiran mai haya bai kawo maka ko kwabo ba. Ka karɓi kuɗinka kashi-kashi, ka rubuta yarjejeniya, ka ba da wa'adi na mutunci kafin ƙari. In za ka fasa katanga ka fitar da shaguna ko ka ɗora bene, ka nemi izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA, ka kira injiniya na gaskiya. A watan Agustan 2022 bene mai hawa uku da ake ginawa ya rufta a kan mutane a kasuwar waya ta Titin Beirut. A watan Yunin 2023 kuma mun ga an rushe shagunan da aka gina a Filin Idi da wasu filaye, dukiya mai yawa ta bi ƙasa. Don haka kai ma mai kama haya, kafin ka zuba gadon gidanku a shago, ka nemi ganin takardun wurin da idonka.

Iyaye da malamai suna da damuwa a kan tarbiyya, suna ganin samari da 'yan mata na taruwa a wasu wuraren har dare ya raba. Damuwar gaskiya ce, kuma mai shagon da ya mayar da wurinsa maɓoyar shaye-shaye ya ci amanar unguwa, dole a tsawatar masa. Amma a bi ta ƙofa. Dattawa biyu su je su same shi, su faɗa masa abin da aka gani. In ya ƙi ji, ga mai unguwa, ga dagaci, ga hukuma. Abin da nake roƙo a daina shi ne ɗaukar waya a yi bidiyo a watsa a TikTok ko Facebook kafin a yi wa mutum magana ko sau ɗaya. Ƙuda ɗaya a miya, ko jita-jitar da ba wanda ya tabbatar, ta isa ta rushe abin da marainiya ta shekara biyar tana ginawa. Kuma abin da ya faru ranar 1 ga Agustan 2024, da ɓata-gari suka fake da zanga-zangar tsadar rayuwa suka fasa wurare suka kwashi kayan mutane, kada mu sake bari ya faru a layinmu. Yunwa ba ta halatta dukiyar maƙwabci, kuma samarin unguwa su ne ya kamata su fara tsayawa a bakin ƙofar shagunan nan.

Ga hukuma, buƙatarmu gajeriya ce. A haɗe harajin ƙananan shaguna wuri ɗaya, a sanar da kowa nawa ne, a ba da rasit, a daina turo masu karɓa kala-kala. Duba-gari su zo su koyar kafin su rufe. A gyara fitilun titi, a ajiye wurin zuba shara, a riƙa kwashewa.

Amma kada mu zauna jiran hukuma, jama'a. Abin da ya fi yawa a cikin maganar nan mu da kanmu za mu yi shi, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi. A kowane layi akwai dattijo ɗaya da ake jin maganarsa, akwai liman, akwai shugaban matasa, akwai uwar da mata ke saurare. Ku je wurin mai unguwa a makon nan ku nemi ya kira zama. A gayyaci masu shaguna sababbi da tsofaffi, har da mai shayi da mai ƙosai, a gayyaci masu gidajen haya, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa bayan la'asar ranar Asabar. A tsayar da lokacin kashe janareta. A tsayar da ranar yashe lambatu da abin da kowane shago zai bayar. A nuna inda za a riƙa ajiye mota. A amince cewa in za a ɗauki yaran aiki, a fara duba 'ya'yan layin. A zaɓi mutum uku da za a riƙa kai wa ƙorafi kafin ya zama rigima. A rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, a manna a bangon masallaci da ƙofar kowane shago. Kafin ranar zaman kuma, kai da ke karanta wannan, sabulu da sukari da burodin da za ka saya a makon nan, saye su a layinku, ka biya a take, ka tambayi mai shagon sunansa da yadda kasuwa take.